Abubakar Imam: Yadda Malamin Aji Ya Zama Marubuci

Da wuya a sami wanda ya yi Hausa a sakandare bai ji sunan Magana Jari Ce ba. Amma da yawanku kun ɗauka baiwa ce kawai ta sauko wa mai littafin, ya zauna ya zuba. Tarihinsa bai nuna haka ba.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatun allo a gida, mahaifinsa malami ne kuma alƙali, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Da ya gama sai ya fara koyarwa a Midil ta Katsina. Ke nan tun kafin ya rubuta komai yana da Larabci, yana da Ingilishi, ga Hausar da ya tashi da ita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1933 Rupert East, shugaban hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai a boko. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a lokacin alƙalami na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Imam yana ɗan shekara 22, kuma yana riƙe da aikin aji ya rubuta nasa. To, mai cewa ba shi da lokaci, ka ji.

A 1936 aka ɗauko shi aro daga Katsina zuwa Zariya, ya yi wata 6 ba shi da wani aiki sai rubutu. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa, da na Indiya, da na Turai, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa, Grimm. Ya karanta, ya rubuta, su zauna su duba, a gyara. A haka Magana Jari Ce ya samu, littafi 3, labarai sama da 80, aka buga su tsakanin 1937 da 1939.

A nan ne wasu ke cewa, "Ashe kwafa ya yi!" Ku yi hattara da wannan magana. Fassara daban, baddalawa daban. Mai fassara yana biye da jimlar mai ita, sawu a sawu. Imam kuwa ƙashin labarin yake ɗauka, ya zubar da sauran, ya sa masa sarki da waziri da alƙali da sarkin fawa, ya zaunar da shi a fada da kasuwa irin tamu. Har dabarar nan ta aku mai ba da labari don ya hana mutum fita, tsohuwa ce a adabin Indiya, amma wa ya taɓa karanta akun Imam ya ji baƙo ne? Harsunan da ya sani su suka ba shi labaran. Hausarsa kuma ba ta ari ginin jimlar kowa ba.

A Janairun 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara 12. Rayuwarsa ta koma ta sharhi, da wasiƙun masu karatu, da juya labaran Yaƙin Duniya na Biyu zuwa Hausar da manomi zai gane in an karanta masa. A 1943 ya je Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, bai sake fitar da ƙagaggen littafi mai girman Magana Jari Ce ba har ya rasu a 1981. Allah ya jiƙansa.

Ga aiki gare ku. Ku ɗauki labari ɗaya a littafi na farko ku karanta shi da ƙarfi. Ku lura da yadda "sai" ke tura labari gaba, da inda karin magana ke faɗowa, da yadda maganar sarki ta bambanta da ta bafada. Sannan ku ɗauko abin da kuka rubuta a Facebook jiya ku karanta shi haka. Duk jimlar da ta sarƙe muku a baki, ku tambayi kanku: da Hausa na yi tunaninta, ko da Ingilishi?