Daga Gungume Zuwa Garin Katako

Turmi ba shi da mahaɗi, haka akushi, haka allo, haka 'yar kujerar tsugunno ta mata. Masassaƙin da a ƙasar Hausa gungume guda yake samu, ya rage shi da gatari, ya bi shi da gizago har abin da yake nema ya fito. Rabin gwanintar tana wurin zaɓen itace: ƙirya ta turmi da taɓarya ce saboda taurinta, aduwa ta allon makaranta, azarar giginya ta rufin soro don gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Gyaran ƙarshe bai wuce a kankare da wuƙa, a yi zane da ƙarfen da aka gasa a wuta, a shafe da mai ba. In ka cire ƙyauren gidajen manya da ake jera alluna a kafe da ƙusoshin maƙera, haɗa itace da itace bai zama ruwan dare ba. Gadon ma na kara ne ko na ƙasa.

Kafinta da zartonsa sun bazu ne a zamanin Turawa. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, kuma cikin sana'o'in hannun da ake koyarwa har da aikin katako. A 1911 layin dogo ya iso Kano, sai yankakken katakon kurmi ya samu hanyar hawowa: iroko, afara, obeche, da mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu.

A ganina nan ne sana'ar ta kai ƙololuwa. Duba ƙafar tsohon teburin makaranta ko bencin kotu. An huda rami mai kusurwa huɗu a jikin ƙafar, an fere harshe a bakin sandar da za ta shiga, an buga ta cif, sannan aka huda gefe aka soka ɗan turken itace ya riƙe su. Babu ƙusa ko ɗaya. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, wannan haɗin kuwa yana motsi tare da shi. Kafintan da ya iya shi sai ya yi shekaru a gaban maigidansa, ya fara da wasa zarto da goge katako kafin a bar shi ya taɓa ma'auni.

Daga nan sai abubuwa suka soma sauƙi. Kamfanin African Timber and Plywood na Sapele ya cika kasuwa da filawud, wato siraran ɓawon katako da aka manne gicciye da juna. Formica, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1913 don aikin lantarki, ta zama rigar tebur da kabet. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, ɗakin amarya ya sake kama: gado mai rumfa, kabet na jeren kwanuka, daga baya sif da madubi. Iyayen amarya da ido suke ciniki, kafinta ya gane haka, sai ya mayar da ƙarfinsa kan fuskar kaya. Ƙusa da gam suka gaje haɗin rami da harshe.

Yau yawancin kayan ɗakin da ke ƙyalli a bakin titi na MDF ne, garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, aka feshe da fenti. Yana da sumul, yana da araha, ba na musun wannan. Sai dai in ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa ya kumbura, shi ke nan, kuma bai cika jure kwancewa da ɗaurawa ba. Duk wanda ya taɓa tashi daga gidan haya ya ga yadda noti ke juyawa a ramin da ya riga ya rududduge. Shi kuwa itacenmu mai daraja, madobiya, zuwa ƙasar Sin aka yi ta kwasarsa, har sai da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta ƙara tsaurara cinikinsa a 2017.

Mai sha'awar ƙera wa kansa tebur a gida, wanda ba ciniki ke korarsa ba, shi ke da sararin komawa ga tsohon haɗin nan, ya kuma shafe aikinsa da mai maimakon feshi, tunda mai in ya dushe sai a goge a ƙara, feshi in ya ɓare sai an kankare duka. Amma ya kula da abin da zai ɗauko a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Katakon kudu sau da yawa da ɗanyantakarsa yake zuwa. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, a bar shi ya ga hunturu ɗaya kafin a ɗora masa zarto.