Auna Zaɓin Tiyata Bayan Gano Sankarar Nono a Matakin Farko

Tsakure

Sankarar nono da aka gano a mataki na ɗaya ko na biyu tana da manyan hanyoyin tiyata guda biyu: cire nonon gaba ɗaya, ko cire ƙarin kaɗai a bar nonon sannan a bi shi da gashi, wato ƙona ƙwayoyin sankara da hasken na'ura. Wannan maƙala ta yi bitar gwaje-gwajen da suka kwatanta hanyoyin biyu, ta duba tiyatar hammata, sannan ta fito da sharuɗɗan da ke karkata zaɓi zuwa ɗaya daga cikinsu. Sakamakon ya nuna cewa hanyoyin biyu suna ba da tsawon rai iri ɗaya, matuƙar wadda aka bar wa nono ta kammala gashi. Saboda haka samuwar na'urar gashi na cikin abubuwan da dole a auna kafin tiyata.

Fitilun kalmomi: sankarar nono, tiyata, gashi, kaluluwar hammata

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano sankarar nono a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin mata. Likitoci suna raba ta matakai bisa girman ƙarin, da halin kaluluwar hammata, da kuma ko ta bazu zuwa wasu gaɓoɓi. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba shi ake kira T1, wanda ya haura 2 zuwa 5 kuma T2. Akasarin abin da ake kira matakin farko yana cikin waɗannan biyun, idan cutar ba ta kai huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa ba. Kafin a yi maganar tiyata, ana ɗebo samfurin nama da allura domin tabbatar da cutar, a kuma gano ko ƙwayoyinta suna amsa sinadaran istirojin da firojestaron, da ko suna ɗauke da furotin HER2 fiye da kima.

2.0 Hanyar Bincike

An taƙaita bitar ga gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya gida-gida ta hanyar ƙuri'a, aka kuma bibiye su shekaru masu yawa, tare da nazarce-nazarcen da suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama. An auna kowace hanya da ma'aunai uku: tsawon rai, dawowar cutar a wurin da aka yi aiki, da illar da tiyatar ke bari a jiki.

3.0 Daga Babbar Tiyata Zuwa Ƙarama

A 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya wallafa sakamakon tiyatar da ke cire nono da tsokar ƙirji da dukkan kaluluwar hammata. Dalilinsa shi ne sankara tana tafiya daki-daki daga nono zuwa hammata kafin ta shiga jiki, don haka yawan abin da aka yanke shi ne yawan kariya. A 1948 David Patey na Landan ya nuna za a iya barin babbar tsokar ƙirji. Bernard Fisher ne ya girgiza tushen tunanin, inda ya yi hasashen cewa ƙwayoyin cutar kan shiga jini tun da wuri, kuma faɗaɗa yanka ba ya hana hakan. Gwajinsa na B-04, wanda aka fara a 1971, bai ga bambancin tsawon rai tsakanin tiyatar Halsted da cire nono kaɗai ba, har bayan shekara 25.

4.0 Barin Nono ko Cire Shi

Gwaje-gwaje biyu ne ginshiƙin wannan batu, kuma dukkansu sun fitar da sakamakon shekara 20 a 2002. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya raba mata 701 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba tsakanin 1973 da 1980. Kashi 41.7 cikin 100 na waɗanda aka cire wa rubu'in nono aka yi musu gashi sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuma na tiyatar Halsted kashi 41.2. Dawowar cutar a wurin aiki ta fi yawa ga waɗanda aka bar wa nono, kashi 8.8 idan aka kwatanta da 2.3, amma hakan bai taɓa tsawon rai ba.

Gwajin B-06 na Fisher ya ƙunshi mata 1,851 masu ƙarin da ya kai har santimita 4, aka kasa su uku: cire nono, cire ƙari kaɗai, da cire ƙari haɗe da gashi. Tsawon rai bai bambanta ba, sai dai cutar ta dawo a nonon ga kashi 39.2 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, ga waɗanda aka yi wa kuwa kashi 14.3. Wani nazari na 2011 da ya tattara mata 10,801 daga gwaje-gwaje 17 ya ƙara fito da muhimmancin gashin: ya rage dawowar cutar cikin shekara 10 daga kashi 35.0 zuwa 19.3, ya kuma rage mutuwa da sankarar nono cikin shekara 15 daga kashi 25.2 zuwa 21.4. Ke nan tiyatar barin nono da gashi magani guda ne mai sassa biyu.

Bayan gashi, sharaɗi na biyu na barin nono shi ne tsabtar gefen naman da aka yanko. Ana shafa wa gefen tawada a duba da madubin likita. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka amince da ita a 2014 ita ce kada ƙwayar sankara ta taɓa tawadar. Idan ta taɓa, sai a sake yanka, ko a koma ga cire nonon.

5.0 Tiyatar Hammata

Kwashe kaluluwar hammata duka yana jawo kumburin hannu mai daɗewa ga kusan mace ɗaya cikin biyar, ga sanƙarewar kafaɗa da rashin jin taɓi a fatar damtse. Madadinsa shi ne a yi allurar rini mai shuɗi ko wani sinadarin bin sawu, a gano kaluluwar farko da ruwan nono ke biyawa ta cikinta, a cire ita kaɗai a gwada. Da wannan hanya kumburin hannu yakan sauko zuwa kusan kashi 6. Gwajin B-32, mai mata 5,611, ya nuna cewa idan kaluluwar farko ba ta da cuta, barin sauran ba ya rage tsawon rai. A 2011 gwajin Z0011 na Armando Giuliano ya nuna cewa ko da an samu cutar a kaluluwa ɗaya ko biyu, macen da aka bar wa nono kuma za a yi mata gashi tana iya tsira daga kwashe hammata.

6.0 Abubuwan da Ke Karkata Zaɓi

Cire nono ya fi dacewa idan ƙarin ya yi girma a kan girman nonon, ko akwai ƙari a sassa daban-daban masu nisa da juna, ko gefen nama ya ƙi tsabta bayan an sake yanka, ko an taɓa yi wa ƙirjin gashi. Mai juna biyu ba a yi mata gashi, don haka watannin cikin suna shiga lissafi. Mai ɗauke da gurɓacewar ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2 tana cikin haɗarin sabuwar sankara a kowane nono, shi ya sa wasu kan zaɓi a cire duka biyun. Ga macen da ba ta da wannan gadon, ba a tabbatar da cewa cire lafiyayyen nono yana ƙara tsawon rai ba.

Ana iya ba da maganin kemo kafin tiyata domin ƙarin ya ragu har a samu damar barin nono, musamman a nau'in HER2 da nau'in da ba ya amsa sinadaran istirojin da firojestaron kuma ba shi da HER2. Wadda aka cire wa nono ana iya sake gina mata shi da roba ko da naman jikinta, a lokacin tiyatar ko daga baya. Cire nono ba ya kore gashi a kullum: idan cutar ta kama kaluluwa da dama ko ƙarin ya wuce santimita 5, ana yin gashin bangon ƙirji.

Shekaru ma suna da tasiri. Gwajin PRIME II ya duba mata masu shekara 65 zuwa sama da ke da ƙaramin ƙari mai amsa istirojin kuma suna shan maganin toshe shi. Cikin shekara 10 cutar ta dawo a nonon ga kashi 9.5 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, da kashi 0.9 na waɗanda aka yi wa, ba tare da bambancin tsawon rai ba. Tsawon lokacin gashin shi ma ya ragu daga mako biyar zuwa mako uku, kuma gwajin FAST-Forward na Birtaniya ya nuna a 2020 cewa zama biyar cikin mako ɗaya ya wadatar ga mata da yawa.

7.0 Yanayin Najeriya da Nijar

An gudanar da waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen da gashi da gwajin nama suke kusa da majiyyaci. A arewacin Najeriya cibiyoyin gashi kaɗan ne, daga cikinsu akwai na asibitocin koyarwa na Zariya, Sakkwato da Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai a 2021. Macen da ke nesa da waɗannan wurare tana fuskantar kuɗin mota, masauki, jiran layi da barin iyali na makonni. Idan babu tabbacin za ta kammala gashi, alƙaluman B-06 sun nuna cewa cire nono ya fi aminci.

Sai dai tsoron rasa nono, da fargabar abin da zai biyo baya a gidan aure, suna cikin dalilan da ke sa mata jinkirin zuwa asibiti ko ƙin tiyata. Akasarin masu cutar a yankin suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, lokacin da zaɓin ya riga ya ƙuntata. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana neman a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, kuma kashi 80 su gama maganinsu.

8.0 Kammalawa

Hujjojin da aka tara tun daga 1973 sun tabbatar da cewa cire ƙari haɗe da gashi daidai yake da cire nono wajen tsawon rai, kuma gwada kaluluwar farko ya rage illar tiyatar hammata. Zaɓin da ya dace yana fitowa ne daga girman ƙari da nau'insa, tsabtar gefen nama, yiwuwar kammala gashi, da ra'ayin macen bayan an yi mata bayani da harshen da take ji. Sankarar matakin farko tana ba da damar 'yan makonni na shawara ba tare da haɗari ba. Ya kamata asibitoci su tabbatar da gurbin gashi kafin su yi tiyatar barin nono, hukumomi kuma su faɗaɗa cibiyoyin gashi da ɗakunan gwajin nama a yankin.