Daga Koko Zuwa Bagega: Tarihin Guba A Ƙasar Manoma

Hausawa kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mutanen ƙasar Kafur da neman abinci ya zaunar a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, duk mun san ramukan da ke gefen hanyoyinmu, tun daga Masari da Mahuta har zuwa Gozaki: wuraren da aka ɗebi burji da marmara domin aikin titi, ko jar ƙasa domin gini, aka bar su baki buɗe. Da damina su tara ruwa, yara su yi wanka, shanu su sha. Rami irin wannan shi ne abin da mai neman wurin zubar da guba yake fara nema, don haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihi.

A tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka sauke dubban durom-durom na sharar masana'antu, fiye da tan 3,500, a Koko, wani ƙaramin garin bakin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel. Filin wani talaka suka kama haya a kan kusan dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida, asiri ya tonu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta gida, ta kuma tilasta aka kwashe kayan. Da jiragen suka koma, su ma mutanen Italiya suka ce ba a garinsu ba, har mazauna Manfredonia suka yi bore a watan Satumba na 1988. Abin da masu shi suka ƙi, shi aka kawo wa baƙar fata a farashin kuɗin cefane! Daga nan aka kafa Doka ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da irin wannan kaya Afirka.

To, amma Koko nesa take. Wadda ta faru a ƙofar gidanmu ita ce ta Zamfara, kuma a can ba baƙo ne ya kawo gubar ba.

Da farashin zinare ya tashi bayan 2008, manoman ƙasar Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Duwatsun da suke samowa kuwa cike suke da dalma. Sai a kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa da ƙwarya da hannun yaro. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka tarar yara suna jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai 400, wasu da suka tsira kuma suka makance ko ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

Akwai abu mai ɗaci da ya kamata mu faɗa. Da farko wasu sun ɓoye mace-macen domin tsoron kada a hana su haƙa. Ba ma gaggawar zarginsu, domin mun san abin da talauci yake sa mutum, amma ɓoyon ya ci rayuka. Sai da sarakuna da dagatai suka sa baki aka fitar da injuna da turame wajen gari.

Gyaran ma aiki ne na manoma: a kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya, a ɗura a buhu, a kai rami na musamman a binne, a shimfiɗa sabuwar ƙasa. An gama Dareta da 'Yargalma a 2010, wasu ƙauyuka biyar suka biyo baya. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini alhali zai koma ya kwanta a kan gubar, don haka yara kusan 1,500 suka yi ta jira. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale. Mutanen gari suka yi ta kuka, wasu matasa a Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki kukan zuwa intanet da majalisar dattawa. A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka gyara Bagega a shekarar. Mu lura: na ƙauye ya ga gawa, amma na birni ne ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Saboda haka muke kira ga rassanmu na birane da su haɗa kai da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙididdige ramukan da ke ƙasarmu, a san mai kowanne, kada kuma a ba baƙo hayar rami ko saura sai an ji abin da zai zuba. A haɗa da galan-galan na maganin feshin auduga da tumatir da ake jefarwa a kududdufi, ko a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Ita dalma ba ta ruɓewa: ƙasar da aka kankare daga gidajen Bagega tana nan a binne a bayan gari, da gubarta.