Golf na Faifai: Tarihinsa da Filayensa na Kan Duwatsu

Golf na faifai wasa ne da ake jefa faifan roba mai shawagi a iska, daga wurin da aka shata zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa a nesa. Wanda ya shigar da faifansa cikin kwandon da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci. Daga wasan golf na sanda da ƙwallo aka aro tsarinsa: fili yakan ƙunshi zango 9 ko 18, kuma duk inda faifai ya faɗi, daga nan mai shi zai sake jifa. A Arewacin Amurka wasan ya samo asali, can ne kuma har yanzu ya fi yawan filaye da 'yan wasa.

Labari mafi daɗewa da aka adana game da irin wannan wasa ya fito ne daga ƙauyen Bladworth na lardin Saskatchewan a Kanada, inda a shekarun 1920 wasu 'yan makaranta suka riƙa jifan bishiyoyi da turakun shinge da murafen gwangwani, suna ƙirga jifa. Wasan nasu bai fita daga ƙauyen ba. Abin da ya ba shi rai daga baya shi ne samuwar faifan roba. Walter Frederick Morrison ya ƙera irinsa a ƙarshen shekarun 1940, ya sayar wa kamfanin kayan wasa na Wham-O da ke Kalifoniya haƙƙin ƙirarsa a 1957. Kamfanin ya raɗa masa suna Frisbee, sunan da ke da alaƙa da gidan gashin Frisbie na jihar Connecticut, wanda ɗalibai suka saba jefa wa juna farantansa na gwangwani.

A shekarun 1960 mutane a garuruwa daban-daban suka ƙago wasan kowa da kansa, ba tare da sanin juna ba. George Sappenfield, mai kula da wasannin yara a Kalifoniya, ya shirya musu shi da manyan zobban roba a matsayin abin bara. A Rochester ta jihar New York wasu matasa suka riƙa yin gasa a kai a kai tun daga 1970, har a 1974 suka shirya babbar gasa wadda kyautarta sabuwar mota ce ƙirar Datsun. Dan Roddick ne ya tafi da motar, kuma wannan gasa ce ta sa Wham-O ya gane cewa akwai kasuwa a nan.

Mutumin da ya mayar da abin wasa na gaske shi ne Ed Headrick, ma'aikacin Wham-O wanda tun da farko ya gyara ƙirar Frisbee ta hanyar yi masa zane-zanen zobe a bayansa don ya daidaita a iska. A 1975 ya tsara fili na dindindin na farko a lambun Oak Grove, kusa da Pasadena. Sandunan ƙarfe ne aka kakkafa a matsayin abin bara, sai gardama ta yi yawa: daga nesa, wa zai tabbatar faifai ya taɓa sanda ko wucewa ya yi? Headrick da ɗansa Ken suka warware matsalar da wata dabara mai sauƙi. Suka rataya sarƙoƙi a kewayen sandar daga sama, suka ɗaura kwando a ƙasansu. Faifai ya bugi sarƙa, ƙarfinsa ya mutu, ya faɗa kwando. Ko yana ciki ko ba ya ciki, magana ta ƙare. An ba su takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1977, kuma babu wani abu a tarihin wasan da ya kai ta muhimmanci, domin ita ce ta sa za a iya gwada gwanin wani gari da na wani. A 1976 Headrick ya kafa kamfanin DGA mai ƙera kwandunan, da kuma ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PDGA, wadda ke riƙe da ƙa'idojin wasan har yau. Da ya rasu a 2002, an cika wasiyyarsa ta zuba tokar gawarsa cikin robar wasu faya-fayai da aka ƙera don tunawa da shi.

Canji na biyu ya zo a 1983, lokacin da Dave Dunipace ya fito da faifai mai siririn baki wanda ke yanka iska, aka kafa kamfanin Innova a kansa. Nisan jifa ya ƙaru sosai, dole aka tsawaita filaye. Daga nan faya-fayai suka rabu gida-gida: masu kaifin baki na dogon jifa, matsakaita, da masu kaurin baki na shigarwa kwando daga kusa. Ƙa'idar PDGA ta hana faifai wuce giram 200 a nauyi, faɗinsa kuma kada ya gaza santimita 21.

An fara gasar duniya ta PDGA a Los Angeles a 1982, Harold Duvall ya lashe. Ken Climo na jihar Florida ya ci ta sau 12, tara daga ciki a jere, daga 1990 zuwa 1998. Paul McBeth ya ci sau 6, kuma a 2021 ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara goma da kamfanin Discraft. Lokacin annobar korona wasan ya bunƙasa ƙwarai, saboda a waje ake yinsa, babu cunkoso, kuma yawancin filaye kyauta ne. Filaye a duniya yanzu sun haura 15,000. Bayan Amurka, ƙasashen arewacin Turai ne suka fi rungumarsa, musamman Finland, Suwidin da Estoniya, ƙasar Kristin Tattar wadda ta zama gwarzuwar duniya ta mata a 2022 da 2023.

Filayen kan duwatsu sun samu ne saboda wasan ba ya buƙatar abin da golf na ƙwallo ke buƙata. Ba sai an baje ƙasa ba, ba sai an shuka ciyawa ana ba ta ruwa kullum ba. Gangare, kwazazzabo, dutse da kurmi, waɗanda ke hana gina wasu filayen wasa, su ne ainihin abin da mai tsara filin faifai yake nema. Filin DeLaveaga da aka buɗe a 1984 a tsaunukan Santa Cruz na Kalifoniya yana cikin na farko da suka nuna haka, kuma ya yi suna da zangonsa na ƙarshe da ake jifa daga ƙololuwar tudu zuwa can ƙasa. Sai kuma wuraren wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, waɗanda ke zama babu ciniki idan ƙanƙara ta narke. Masu su suka gane cewa da kwanduna 18 da ɗan sharar hanya za su samu baƙi a lokacin zafi, a ɗauke su zuwa sama a kujerun da ke tafiya kan waya, su sauko suna wasa. Dutsen Aspen na jihar Colorado yana da fili a tsayin kusan mita 3,400 daga teku, akwai kuma irinsa a Solitude ta jihar Utah.

Wasa a irin wannan wuri daban yake da na lambun cikin gari. A can sama iska ba ta da kauri, saboda haka faifai ba ya samun abin da zai ɗauke shi sosai, yakan yi saurin karkata ya faɗi ta gefen da ya saba ƙarewa. Gwanaye kan zaɓi faifan da ya fi sauƙin juyawa don su rama wannan. Jifan gangare kuma akasin haka yake yi: faifai na ƙara gudu yayin da yake sauka, sai ya kauce ta ɗaya gefen, ya yi nisan da mai shi bai nufa ba. Iskar kwari na sauya fuska ba zato. Abin da ya fi ɓata wa 'yan wasa rai shi ne faifan da ya bugi kwando ya faɗo a kan bakinsa, ya gangara kamar tayar da yara ke korawa, jifan mita biyar ya koma na mita hamsin. Ƙa'ida ta ba da minti uku na neman faifan da ya ɓace, in ba a gan shi ba a ƙara wa mai shi jifa ɗaya na tara. Ga kuma hawa da sauka da jakar faya-fayai a baya, a wurin da numfashi ke wuya. Dabara da haƙuri sun fi ƙarfin hannu amfani a nan, shi ya sa masu son wasan da yawa ke ɗaukar filin dutse a matsayin ma'aunin gwaninta na gaskiya.

Filayen ba su rasa masu suka ba. Yawan takawa na zaizaye ƙasar gangare, faya-fayai na sassare ɓawon bishiyoyi, kuma masu yawon daji kan yi ƙorafin haɗarin faifan da ke saukowa daga sama da gudu. Ƙorafin yana da tushe, kuma filayen da ake kula da su da kyau sukan gina matakala, su riƙa sauya mazaunin kwando, su nisanta zanguna daga hanyar masu tafiya a ƙasa.

Wurin da ya fi ɗaga darajar filayen tsauni a gasar ƙwararru shi ne Smugglers' Notch, wurin zamiyar ƙanƙara a duwatsun jihar Vermont. Yana da filaye biyu, Brewster Ridge mai matsattsun hanyoyi cikin kurmi da Fox Run Meadows mai sarari da iyakoki masu tsauri. Ya karɓi gasar duniya ta PDGA a 2018, inda Gregg Barsby ya ci ta maza, ya sake karɓarta a 2023, Isaac Robinson ya lashe.