Ahmed Musa: Daga Filin Ƙofar Mata Zuwa Kofin Duniya

Shekaru da dama, idan ana maganar ɗan wasan gaba a Haɗeja, da ƴan Brazil ake auna gwaninta. Yaron da ya iya yanke mutum biyu a filin unguwa, ko a kan busasshiyar fadama bayan ruwa ya janye, sai a laƙaba masa Ronaldo, musamman bayan 2002 da Ronaldon ya zura ƙwallo 8 a Kofin Duniya ya kai Brazil ga ɗaukar kofi. Ko nasarar da Najeriya ta yi a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ta ƙara armashi ne don Brazil ta doke da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe. A wannan tawaga akwai ƴan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, amma a ƙasar Kano ba a samu ɗan gaban da duniya ta san sunansa ba tukuna.

Ƙasar Kano kuwa ta haɗa da mu mutanen Haɗeja. An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin Haɗeja na cikin tsohuwar Jihar Kano, shekara guda kafin a yanke Jigawa a watan Agustan 1991. Shi ya sa har gobe kirarin Pillars na "Sai Masu Gida" ba baƙo ba ne a gidajen kallon ƙwallo na garin. Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a karon farko a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Cikin wannan tashe ne wani siririn yaro ɗan Jos ya iso Kano a matsayin aro.

An haifi Ahmed Musa ranar 14 ga Oktoba, 1992. Ya fito daga makarantar koyon ƙwallo ta GBS da ke Jos, ya buga wa ƙungiyar JUTH, sannan Pillars ta karɓe shi. A kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda ta gasar kafin shi, alhali bai cika shekara 18 ba. Makaminsa gudu ne: a jefa masa ƙwallo a bayan ƴan baya, kafin su juya ya riga ya fuskanci gola. Tun yana ɗan shekara 17 ya fara sa rigar Super Eagles a 2010. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, sai dai dokar FIFA ta sa dole aka jira ya cika shekara 18 kafin ya fara buga mata.

A watan Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, kuma a nan ne hanyarsa ta gamu da ta ɗan Brazil. A wannan watan ne Vágner Love, wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da CSKA ta ɗauki Kofin UEFA a 2005, ya tattara ya koma Flamengo a gida. Da Love ya dawo a 2013, sai ga yaron da ya fito daga filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana buga gaba kafaɗa da kafaɗa da shi, suka ɗauki kofin gasar Rasha da kofin ƙalubale tare. Musa ya sake lashe gasar a 2014 da 2016.

A rigar ƙasa ma shekarun sun yi masa kyau. Yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta ɗauki Kofin Afirka a 2013 a Afirka ta Kudu, ya kuma ci ƙwallo a wasan da aka lallasa Mali 4 da 1. Sai ranar 25 ga Yuni, 2014, a birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil kanta, aka gamu da Ajantina. Messi ya ci tun farkon wasa, kafin masu murna su zauna Musa ya shigo daga hagu ya lanƙwasa ƙwallo ta faɗa raga. Messi ya ƙara da bugun tazara daf da hutun rabin lokaci, ana dawowa Musa ya sake ramawa. An tashi 3 da 2 Ajantina ce da nasara, amma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya.

Leicester City ta saye shi a 2016 kan kuɗi sama da fam miliyan 16, tana riƙe da kambun Firimiyar Ingila. Zaman bai yi daɗi ba. Ya fi daɗewa a benci, har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018 don ya samu wasa. Shawarar ta biya. Ranar 22 ga Yuni, 2018, a Volgograd, ya zura wa Iceland biyu, ya zama yana da ƙwallo 4 a Kofin Duniya, fiye da kowane ɗan Najeriya. Daga nan ya tafi Al-Nassr ya lashe gasar Saudiyya a 2019, ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya, ya zama kyaftin ɗin Super Eagles, ya kuma zarce wasanni 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka buga wa ƙasa.

Abin da ya ƙara masa daraja a idon mutanen Arewa shi ne bai manta mafari ba. Ya gina cibiyar wasanni a Hotoro, ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, inda ƴan kallo suka riƙa cika filin Ƙofar Mata ranar da zai buga.

Tarihinsa hujja ce cewa gasar cikin gida tana iya fitar da gwani. Ko ƙwallon da ta ba Najeriya Kofin Afirka a 2013, Sunday Mba ne ya ci ta, yana buga wasa a gida. Jigawa tana da ƙungiyarta, Jigawa Golden Stars, wadda ta sha hawa babbar gasa tana saukowa. Yara masu gudu da ƙafa mai kyau kuwa suna nan birjik daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Malam Madori zuwa Guri. Musa ya samu makaranta, ya samu ƙungiyar da ta amince ta sa ɗan shekara 17 a gaba, ya samu ƴan kallo. Waɗannan ukun ne haƙƙin yaranmu a kan gwamnatin jiha da attajiran masarautar Haɗeja, kuma babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfinsu.