Hasken rana a gidajen Birnin Damagaram

A ganina, maginan da sun fi mu sanin rana. A unguwar Birni ta Damagaram, inda fadar sarki take tun ƙarni na 19, bangon tubali kauri gare shi, tagogi kuma ƙanana ne saboda zafi da ƙurar hunturu. Haske daga tsakar gida yake shigowa ta ƙofa, mata su shafe ɗaki da farar ƙasa, jeren tasoshi ya ƙara ƙyalli.

Da siminti da rufin kwano suka yaɗu, sai muka cike tsakar gida da ɗakuna, muka rataya labule masu duhu. Yau in an ɗauke wuta, yaro da rana tsaka ba ya ganin rubutun littafinsa. Iyaye, mu shafa farin fenti, mu ɗage labule, mu shimfiɗa tabarmar karatu kusa da taga.