Kyanwar rumbunmu tana da asali

Tun da wayoyi suka yawaita a Tasawa da Mayahi, na lura yaranmu sun fara raina kyanwar gida. Suna ganin hoton kyanwar Farisa mai dogon gashi ko ta Siyam mai shuɗin ido, sai su ce waɗannan ne masu asali, tamu kuwa ƴar bola ce. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin tarihi ya isa ya gyara wannan tunani.

Duk kyanwar gida ta duniya daga tsatso ɗaya ta fito, wato kyanwar daji da masana ke kira Felis lybica, wadda ke zaune a Gabas ta Tsakiya da Afirka, har da dazukanmu na Sahel. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 ya tabbatar da haka. Masana suna ganin lokacin da mutane suka fara ajiye hatsi ne ɓeraye suka biyo shi, kyanwa ta biyo ɓeraye, manomi ya bar ta ta zauna. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, an tarar da mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Wannan tsohuwar yarjejeniya ce ke aiki har gobe a rumbunan geron ƙauyukan Gulbin Kaba.

Rarraba kyanwoyi zuwa nau'o'i masu suna da takarda kuwa abin jiya ne. A 1871 Harrison Weir ya shirya babban baje kolin kyanwoyi na farko a Landan, ya tsara ƙa'idojin kamanninsu. Yawancin nau'o'in da ake talla yau bayan nan aka samar da su, ta hanyar zaɓen waɗanda za a haɗa su haihu.

Gashin kyanwarmu kansa darasi ne. Mai launin toka ko rairayi, da siraran ratsi a jiki, zobba a wutsiya da baƙin ƙarshenta, rigar kakanninta na daji ta gada. Ratsi masu faɗi da suka murɗe a gefen ciki sun zo daga baya: wani bincike na 2017 bai same su ba sai a tsakiyar zamani, can wajen ƙasar Turkiyya ta yau. Mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce, domin launin ja da baƙi suna tafiya ne da ƙwayar gadon da mace ke da biyu, namiji ɗaya. Ja zalla kuma yawanci muzuru ne.

Don haka, ƴan uwana malamai, mu sa kowane ɗalibi ya siffanta kyanwar gidansu a rubuce: launi, ratsi ko dabbare-dabbare, tsawon gashi, launin ido, wutsiya. Da haka ake koyon lura, kuma lura ce mafarin kimiyya. Iyaye kuma, kada mai talla ya karɓe kuɗinku don ya ambaci Farisa. Dogon gashi kaɗai ba shaida ba ne, ga shi kuma wahala ne a zafin bazararmu. In yaro ya tambayi nau'in kyanwarku, ku ce masa kyanwar gida ce mai gajeren gashi, kuma irinta ta girmi duk sunayen da ya gani a waya.